Katunan Besbol na Asitet Masu Sa Hannu

Katin besbol na asitet mai sa hannu ɗan ƙaramin kati ne na roba garai-garai, wadda ake hango abin da ke bayanta, ɗauke da hoton ɗan wasan ƙwallon besbol da sa hannun da shi ɗan wasan ya yi da kansa. Tara irin waɗannan katuna reshe ne na wata tsohuwar sha'awa ta mutanen Amurka da Kanada, wato tara katunan 'yan wasa, wadda ta haura shekara 130. Girmansa ɗaya da na sauran katuna, inci 2.5 a faɗi da inci 3.5 a tsawo, ma'aunin da kamfanin Topps ya tsayar a 1957. Abin da ya raba shi da saura shi ne jikinsa. Takarda tana shan tawada, roba kuwa ba ta sha, kuma kusan duk abin da ya shafi wannan kati, daga yadda ake sa masa hannu zuwa yadda ake adana shi da yi masa kuɗi, daga nan ya samo tushe.

Sunan da abin da ake yin sa da shi

Asitet na ainihi sinadari ne da ake samarwa daga zaren tsirrai irin na auduga da ɓargon itace. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Paul Schützenberger, shi ya fara haɗa shi a 1865. Daga baya aka riƙa yin fim ɗin kyamara da na sinima da shi, saboda ba ya kama wuta da sauri kamar wanda ya gabace shi, haka kuma masu zanen fim ɗin katun, wato zane mai motsi, sun daɗe suna zane a kan fallayensa. Wanda ya taɓa ɗaga nagetif ɗin tsohon hoto ya duba a hasken rana ya san yanayin abin. A bakin masu tara katuna dai sunan ya zama na kasuwa kawai: duk katin roba da ake gani ta cikinsa asitet ake ce masa, ko da wace irin roba aka yi shi.

Buga hoto a kan abin da haske ke ratsawa yana da nasa wuya. Tawadar launi kaɗai ba ta toshe haske, don haka akan shimfiɗa farar tawada a ƙarƙashin surar ɗan wasan domin ta fito sosai, a bar sauran filin katin fayau. Shi ya sa idan aka ɗaga katin sai a ga ɗan wasan kamar yana tsaye a cikin iska.

Asali

Katunan besbol sun fara yawaita ne a shekarun 1880, lokacin da kamfanonin taba sigari ke cusa su a cikin kwalin taba don ya yi ƙarfi, kuma don jawo mai saye. Fitaccen jerin nan da ake kira T206 ya fito tsakanin 1909 da 1911, kuma a cikinsa ne katin ɗan wasa Honus Wagner yake, wanda aka sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Bayan taba sai cingam ya karɓi aikin, da kamfanin Goudey a 1933, Bowman a 1948, sannan Topps, wanda ya saye Bowman a 1956 ya riƙe kasuwar kusan shi kaɗai har zuwa 1981, shekarar da Fleer da Donruss suka shigo. Duk tsawon wannan zamani katin takarda ne, kuma mai son sa hannu sai ya bi ɗan wasa bakin fili ko ya aika masa wasiƙa.

Abubuwa biyu ne suka haifi katin da ake magana a kai, kuma dukansu 'ya'yan shekarun 1990 ne. Na farko shi ne sa hannun da kamfani ke tsaya wa. A 1990 kamfanin Upper Deck, wanda bai fi shekara ɗaya da fara sayar da katuna ba, ya sa tsohon ɗan wasa Reggie Jackson ya sa hannu a katuna 2,500, ya ba su lamba, ya watsa su cikin fakitin da ke kantuna, allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. A shekarar da ta biyo aka maimaita da Nolan Ryan da Hank Aaron. Zuwa 1996 har an samu jerin Leaf Signature Series da ke ba da sa hannu a kowane fakiti.

Na biyu shi ne robar kanta. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 kamfanoni sun buga katuna fiye da ƙima, har kaya suka yi kwantai, sannan yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke wasan ƙarshe na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, a shekarar, ya kori masu saye da yawa. Don a dawo da su sai aka shiga gasar ƙawa: kati mai ƙyalli, kati mai yanka iri-iri, katin ƙarfe, katin katako, da katin roba. Jerin katunan Leaf Slideshow na 1994 da Stadium Club Clear Cut na 1995 suna cikin na farko-farko da aka yi da asitet, kuma a lokacin ɗaiɗaiku ake jefa su cikin fakitin katunan takarda. Daga baya kamfanin SkyBox ya fitar da jerin E-X, inda robar ta zama jikin katin gaba ɗaya a 1998 da 1999.

Wanda ya fi su shahara shi ne Topps Tek na 1998. 'Yan wasa 90 ne a cikinsa, amma kowane ɗan wasa an buga shi da zanen bango iri 90, ke nan mai son ya kammala jerin sai ya tara katuna 8,100. Kaɗan ne suka gwada. Yawanci mutum yakan zaɓi ɗan wasa ɗaya ya bi zanensa casa'in, kuma har yau akwai masu neman cikon biyu ko uku da suka gagare su. An dakatar da jerin bayan 2000, aka farfaɗo da shi a 2014 da sunan High Tek, wannan karon da sa hannun 'yan wasa a kan robar kai tsaye. A 2017 Topps ya fito da Clearly Authentic, wanda kwalinsa kati ɗaya tak ke ciki: asitet, mai sa hannu, a rufe cikin gidan roba mai tauri da hatimin kamfani. Ya kuma yi sa'ar lokaci, don 2017 ce shekarar da Aaron Judge da Cody Bellinger suka ci kyautar sabon ɗan wasa mafi fice, a 2018 kuma Shohei Ohtani da Ronald Acuña Jr. suka ci.

Tawada a kan roba

A nan ne masu wannan sha'awa suka fi ɓata lokaci, kuma da dalili. Idan aka sa hannu a takarda, tawadar takan nutse cikin zaren ta zauna. A kan roba kuwa kwanciya take yi a sama ta bushe a can. Idan ta dace, babu sa hannun da ya kai wannan kyau: shuɗiyar tawada a fili fayau, ba hoto a ƙarƙashinta da zai cinye ta, haske na ratsa ta ta baya. Idan ba ta dace ba, sai ta dunƙule ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan leda, ko ta yi layi-layi inda bakin alƙalamin ya zame, ko ta shafe saboda an ɗora wani katin a kai kafin ta bushe. Ɗan wasan da aka aika wa katuna ɗaruruwa ya sa wa hannu a zama ɗaya ba shi da lokacin jiran kowanne ya sha iska. Don haka katuna biyu masu lamba kusa da juna, daga hannun mutum ɗaya, kan iya bambanta ƙwarai a kyau da kuma a kuɗi.

Masu tarawa sun raba sa hannu gida biyu. Akwai wanda aka yi a jikin katin, akwai wanda aka yi a kan sitika sannan kamfani ya manna ta. Kamfanoni suna son sitika saboda ana iya tara ta da yawa a ajiye, a manna duk lokacin da ake bukata. Masu saye kuwa sun fi daraja na jikin kati, domin shi ne ɗan wasan ya riƙa da hannunsa. A kan asitet bambancin ya fi fitowa fili, tunda gefen sitikar da manninta ba su da inda za su ɓuya a jikin abin da ake gani ta cikinsa.

Akwai kuma masu sayen katin asitet marar sa hannu su nemo sa hannun da kansu, a wurin atisayen bazara a jihohin Florida da Arizona, a filayen ƙananan ƙungiyoyi, ko ta gidan waya da ambulan mai kan sarki na dawowa. Waɗannan sukan zo da alƙalamin maka mai shuɗiyar tawada ko alƙalamin fenti, kuma wasu sukan goga wa katin hodar jarirai ko abin goge fensir don rage santsi. Dabarar tana aiki a katin takarda mai sheƙi, amma a kan roba garai-garai takan bar ƙananan ƙarce da ba sa fita, wato an gyara wa tawada wuri an ɓata katin.

Gaskiyar sa hannu da ba da maki

Jabun sa hannu tsohuwar cuta ce a wannan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta gudanar da wani bincike daga birnin San Diego mai suna Operation Bullpen, wanda ya bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannun shahararrun 'yan wasa, kuma ɗan wasa Tony Gwynn na cikin waɗanda suka taimaka wajen gane na bogi. Bayan haka ne hukumar gasar MLB ta kafa nata tsarin tantancewa a 2001, inda wakilinta ke shaida sa hannun da idonsa ya manna hologiram, wato sitika mai ƙyalli, mai lamba. Katin da ya fito daga fakiti yana ɗauke da shaidar kamfani a jikinsa. Wanda mutum ya samo da kansa kuwa sai an kai shi wurin masu tantancewa irin su PSA/DNA ko JSA kafin kasuwa ta yarda da shi.

Lafiyar katin ma ana auna ta. Kamfanin PSA, wanda ya fara a 1991, da SGC da Beckett suna ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin cikin gidan roba. Beckett yana duba abubuwa huɗu, daidaiton hoto a tsakiya, kusurwoyi, gefuna da fuskar kati, kuma yana ba sa hannun makinsa daban. Raunin katin takarda yana kusurwa, inda yake lanƙwashewa ya yi fari. Asitet bai cika samun wannan matsala ba, nasa raunin a fuska yake: ƙarce, zanen yatsa, da layin da injin buga hoto ke bari, waɗanda sau da yawa tun daga masana'anta suke fitowa.

Ƙaranci da farashi

Ƙarancin katin Wagner tarihi ne ya kawo shi. Na katin asitet kuwa da gangan ake yin sa. Akan buga kati ɗaya da launuka daban-daban, a rubuta adadin kowane launi a jiki, misali 99, 50, 25, 10, har zuwa wanda guda ɗaya ne a duniya. Mai tara duk launukan ɗan wasa ɗaya akan ce ya haɗa bakan gizo. Farashi yana bin sunan ɗan wasa, da ko katin na shekararsa ta farko ne, da ƙanƙantar lambar, da kyan tawadar. Manyan kuɗaɗen da ake ji a labarai, kamar dala miliyan 12.6 da aka biya a gwanjo kan katin Mickey Mantle na 1952 a watan Agustan 2022, na katunan takarda ne. Asitet bai kai can ba, kuma yawancinsa kuɗin da mai albashi zai iya biya ne.

Sayen kwali a rufe cinikin biri a sama ne, musamman kwalin da kati ɗaya ke ciki, don sau da yawa abin da ya fito bai kai kuɗin kwalin ba. Wani lokaci ma takardar alkawari ake tararwa a maimakon katin, saboda ɗan wasan bai dawo da nasa a kan lokaci ba, sai mai saye ya yi rajista ya jira watanni. An taɓa kai kamfanonin katuna ƙara a Amurka bisa zargin cewa wannan tsari caca ce, amma kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya sun kori ƙararrakin a 1998 da 2002. Shi ya sa masu tarawa da yawa suka gwammace su sayi katin da suke so kai tsaye a kasuwar intanet ta eBay ko a taron shekara-shekara na masu tarawa na ƙasar Amurka, wanda aka fara a Los Angeles a 1980.

Tun 2010 Topps ne kaɗai ke da lasisin sa tambarin ƙungiyoyin MLB a kati, kuma a watan Janairun 2022 kamfanin Fanatics ya saye sashen katunansa a kan kimanin dala miliyan 500.

Adanawa

Rana ce babbar abokiyar gaba. Tana kashe tawada, tana kuma sa roba ta yi rawaya, abin da ake gani a wasu katunan shekarun 1990 da aka daɗe da jerawa a kanta. Zafi yana tanƙwara katin. Akan riƙe shi ta gefe, a sa shi cikin siririyar leda mai laushi, sannan cikin gida mai tauri, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Ba a goge fuskar da ke da sa hannu, ko da ƙyalle mai laushi ne, balle da sinadarin goge gilashi, wanda zai iya ɗauke tawadar gaba ɗaya.

Katunan da suka zo a rufe daga kamfani suna jefa mai su cikin wani zaɓi. Gidan robar shi ma yana ƙarcewa, har ya dusashe kyan abin da ke ciki, kuma kafin a ba katin kansa maki yawanci sai an fitar da shi. Amma da zarar an yanke hatimin Topps ba ya komawa, kuma akwai masu saye da ba sa taya katin da aka taɓa buɗe gidansa.