Kaya masu fuska biyu, da rumbun da ake duba sunanka a ciki

Wani ƙanena yana aikin haɗa farantan sola a nan Damagaram. Bara ya yi odar wata ƴar kamara daga Turai, irin mai ganin zafi, domin idan faranti ya fara lalacewa wurin yakan fi sauran ɗumi, ido ba ya gani, ita kuwa tana gani. Ya tura kuɗi. Maimakon kaya sai ga takarda: wa zai yi aiki da ita, a wane gari, wane irin aiki, kuma ya sa hannu cewa ba zai sayar wa kowa ba. Suka ƙara da cewa ya yi haƙuri sai sun gama duba sunansa. Da magariba ya shigo gidana rai a ɓace. "Yaya, ni suke tuhuma? Kamara ce fa, ba bindiga ba." Na ce ya zauna tukuna, ba shi kaɗai ake yi wa haka ba, kuma abin yana da suna.

Sunansa sa ido kan fitar da kaya. Mutane kan haɗa shi da takunkumi, alhali ba ɗaya ba ne. Takunkumi rufe ƙofa ne a fuskar wata ƙasa ko wani mutum. Sa ido kuwa ƙofar a buɗe take, sai dai akwai mai gadi da ke tambaya. Ƙasar da ke ƙera abu tana da jerin kayan da ba sa fita sai da izinin gwamnati, ko da mai sayen abokin arziki ne. Bindiga da tankar yaƙi ba sa buƙatar bayani. Inda maganar ke da zurfi shi ne kayan da ake kira masu fuska biyu: abin da aka yi don amfanin yau da kullum, amma a wani hannu ya koma kayan yaƙi. Kamarar ƙanena tana gano faranti mai ciwo da rana, tana kuma gano mutum a cikin duhu idan aka ɗaura ta a jirgi maras matuƙi. A dokar Amurka har saurinta ake aunawa: wadda ke ɗaukar hoto fiye da sau 9 a daƙiƙa ta fi shan tambaya.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na wani ruwan sinadari ne mai suna tiyodigilikol. Ana zuba shi a tawadar biro da rinin yadi. Da shi kuma ake haɗa iskar guba mai ƙona fata da huhu, irin wadda gwamnatin Saddam Husaini ta yi amfani da ita a yaƙinta da Iran da kuma a kan Kurdawa, har da garin Halabja a 1988. A 2005 kotu a Holan ta ɗaure wani ɗan kasuwar ƙasar, Frans van Anraat, saboda shi ya riƙa sayar wa Iraƙi wannan sinadari. Bai taɓa harba ko harsashi ɗaya ba. Ganguna ya aika.

Mu mutanen Damagaram bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, ya kuma sa maƙera suka zuba masa igwa a nan cikin gari. Bayan rasuwarsa da ƴan shekaru, a 1890, ƙasashen Turai suka zauna a Burusel suka hana shigar da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka da ya haɗa da mu, suka bar mana bindigar toka. Da sunan yaƙi da cinikin bayi aka yi. Shekara tara bayan nan sojan Faransa suka shigo Zinder da irin bindigogin da aka hana mu saya. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka dokar sa ido ba ta da ubangida. Tun asali mai ƙera abu shi ke rubuta jerin.

Tsarin da ake kai yau ya taso ne daki-daki, kuma kusan kowane daki bayan an sha mamaki aka gina shi. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta fara aiki a 1970, Nijar ta shige ta a 1992. Da Indiya ta gwada bam a 1974, da sinadarin da ta samu daga injin da Kanada ta ba ta don bincike, ƙasashe masu sayar da kayan nukiliya suka kafa ƙungiyarsu, wadda yanzu ke da ƙasa 48. Gubar Iraƙi ta haifar da rukunin Ostareliya, na ƙasashe masu sa ido kan sinadaran haɗa guba, a 1985. Na makamai masu linzami ya zo a 1987, da ma'auninsa: duk abin da zai ɗauki kilo 500 ya kai kilomita 300. Na Wassenaar, mai kula da makaman gargajiya da kaya masu fuska biyu, a 1996. Sai ƙuduri mai lamba 1540 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004, wanda ya ɗora wa kowace ƙasa, babba da ƙarama, nauyin hana makaman ƙare dangi faɗawa hannun ƙungiyoyi. Uraniyom ɗin Arlit tun 1971 ya fara fita, amma Nijar ba ta da kujera a ƙungiyar masu sayar da kayan nukiliya. Daga nahiyar nan Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki.

To ina rumbun bayanai ya shigo? Jerin kayan nan ɗaruruwan shafuka ne, sunayen mutane da kamfanonin da ake zargi dubbai ne, kuma kullum ana ƙari ana ragi. Ba ma'aikacin duwan ko na banki da zai haddace su. Shi ya sa aka zuba su a kwamfuta yadda za ka rubuta kalma ɗaya ta fito maka da abin da ya dace. Kalmar rumbu ta yi daidai, sai dai ba rumbu ɗaya ba ne, kuma kowanne da irin hatsin da ke cikinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin waɗanda ta sa wa takunkumi, kyauta ne a intanet, a nan aka saka Boko Haram a 2014. Gwamnatin Amurka ta haɗa jerin ma'aikatunta na ciniki da baitulmali da harkokin waje a shafi ɗaya. Cibiyar SIPRI da ke Suwidin tana ajiye tarihin cinikin manyan makamai tun daga 1950. Idan ka zaɓi Nijar a matsayin mai saye za ka ga abin da ya zo daga wace ƙasa da shekarar zuwansa, har jiragen Bayraktar na Turkiyya, amma ba za ka ga Kalashnikov ko ɗaya ba, domin ƙananan makamai ba sa cikin lissafinta. Wanda ke bin sawun bindigar da aka tsinta a daji, iTrace zai duba, inda ake tara lambobin da ke jikin makamai da harsasai. Akwai kuma na kuɗi, kamar Risk Report, da bankuna da manyan kamfanoni ke biya su shiga.

Mai bincike yakan fara da kayan. A nan lamba ta fi suna gaskiya. Sinadari ɗaya yana iya zuwa da sunayen kasuwa biyar, amma lambarsa ta duniya ɗaya ce: tiyodigilikol 111-48-8 ne ko a wace ganga aka zuba shi. Lambar duwan mai alƙaluma shida da masu fitar da kaya a kan iyakar Magariya ko Matamaye suka sani tana taimakawa, amma ba ta isa ba, don an yi ta ne saboda haraji. Famfo biyu suna iya zama a lamba ɗaya, ɗaya na ban ruwa, ɗaya mai jure sinadari mai cin ƙarfe.

Sai suna, kuma a nan ne mu ke shan wahala. Mutum ɗaya a katinsa na nan Mahamadou ne, a takardar makarantar da ya yi a Kano Muhammad, a gida Mamman, a fasfo kuma an juya sunan uba ya zama na farko. Injin binciken Amurka yana da maɓallin da ke kawo sunaye masu kama da juna, kuma idan aka kunna shi, sunan kowane Abubakar ko Ibrahim zai jawo mutanen da bai taɓa ji ba, daga Yaman zuwa Afganistan. Fitowar suna ba laifi ba ne. Sai an gwada shekarar haihuwa da garin haihuwa da lambar fasfo. Ma'aikaci mai ƙwazo zai yi wannan cikin minti goma. Malalaci sai ya ga suna da ƙasar da ake ta labarin rikici a kanta, ya rufe fayil ya mayar da kuɗi. Wannan ba ya cikin kowace doka, amma yana faruwa, kuma mai ƙaramin jari shi ke kwana a ciki.

Ɗaya gefen ya fi haɗari: rashin fitowar suna ba wankewa ba ne. Mai neman kayan bam ba ya zuwa da sunansa. Abdulƙadir Khan, masanin nukiliya na Pakistan, ya shekara da shekaru yana sayar da fasahar tace uraniyom ta hannun ƴan tsakiya. An ƙera sassan injin a wata masana'anta a Malesiya, aka bi da su ta Dubai, aka loda su a jirgin ruwa mai suna BBC China zuwa Libiya, har aka tare shi a watan Oktoba na 2003. Shi ya sa tambaya ta uku, wato me za a yi da kayan, ba rumbun da ke amsa ta. Hankali ke amsawa. Idan mai shagon sayar da katin waya ya yi odar injin da sai ɗakin bincike ke buƙata, ya ƙi a turo masa mai haɗawa, ya ce zai biya lakadan, to ko sunansa fari ne tas akwai abin tambaya. Dokar Tarayyar Turai ma ta ba hukuma ikon tsayar da kayan da ba sa cikin jerin idan ta san inda suka nufa.

Mu ƴan Nijar mun taɓa ganin abin da ɗan gajeren bincike ke iya tonawa. A watan Janairu na 2003 shugaban Amurka George Bush ya gaya wa majalisarsa cewa Iraƙi ta nemi uraniyom mai yawa daga Afirka, kuma kowa ya san ƙasar da ake nufi. Akwai takardu masu tambarin gwamnatinmu da aka yi ta yawo da su. Da suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya a Biyana, ma'aikatanta suka duba sunaye da ranaku a intanet. Wata wasiƙa mai kwanan wata na Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar na lokacin, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Duk wani tsohon ma'aikaci a Yamai da an tambaye shi da ya faɗa ba tare da kwamfuta ba. Kwana goma sha uku bayan haka aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Ƙanena dai ya cika takardarsa. Na sa ya rubuta sunansa harafi da harafi yadda yake a fasfo, ya haɗa da takardar rajistar kasuwancinsa da hotunan rufin gidaje uku da ya yi wa aiki a unguwar Zango. Sai da aka kwashe sati biyar. Kamarar da suka aiko mai ɗaukar hoto sau 9 a daƙiƙa ce, ba mai saurin da ya fara zaɓa ba, kuma suka mayar masa da cikon kuɗinsa. Ya ce ga faranti ba ta da wani bambanci, tunda faranti ba gudu yake ba.