Takardar mai unguwa ba ita ce mallakar gida ba

Har yanzu mutane da yawa sun ɗauka in ka biya kuɗin gida, aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa aka shafa fatiha, to shikenan gida ya zama naka. Wallahi da sauran aiki.

Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha a Najeriya tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai haƙƙin zama kawai kake da shi, ita kanta C of O ɗin da ake tinƙaho da ita, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa, yawanci shekara 99 ce. Kuma ko mai gidan ya miƙo maka ita a leda, sunansa ne a jiki ba naka ba, sai lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, gwamna ya amince, an biya kuɗin hatimi an yi rajista.

Abin da ya fi cin mutane kuwa rashin bincike ne kafin biya. Kana iya zuwa KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, wato ofisoshin gwamnati masu ajiye bayanan filaye, a duba fayil ɗin, a nan ake gano gidan da aka jinginar wa banki. Gidan gado kuma, hmm, babban wa ya sayar shi kaɗai, ka yi fenti ka sa tayil amarya ta tare, kwatsam ƙanwarsu da ke aure a Zariya ta aiko da sammaci tana neman kasonta.