Fitilar Gargaɗin Inji da Binciken Matsalolin Lantarki a Mota

Fitilar gargaɗin inji ƙaramar fitila ce mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan lemo da ke allon gaban direba, galibi da zanen inji a jikinta. Kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda masu gyara ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke kunna ta duk lokacin da ta ga aikin inji ya kauce wa ƙa'ida, musamman ta hanyar da za ta ƙara gurɓata hayaƙi. Fitilar ba ta faɗin abin da ya lalace. Iyakar saƙonta shi ne kwamfuta ta ajiye wata lamba, kuma sai an karanta lambar, an bi sawunta da awo, kafin a san inda cutar take.

Asalin tsarin

Dokokin rage gurɓatar iska ne suka haifi wannan fitila. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara tilasta wa kamfanoni su sa motocinsu su riƙa binciken kansu. Da farko kowane kamfani da nasa soket, wato wurin da ake jona na'urar bincike don karanta lambar, da nasa lambobin. A wasu motocin sai a haɗa ramuka biyu na soket da guntuwar waya, a ƙirga sau nawa fitila ta ƙyafta. Daga motocin ƙirar 1996 Amurka ta wajabta tsari guda mai suna OBD-II. Turai ta biyo baya da EOBD, ga motocin fetur a 2001, ga na dizal a 2004. Tun daga nan soket ɗin ya zama iri ɗaya: mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Daga 2008 kuma aka wajabta wa motocin Amurka amfani da hanyar sadarwa ta CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986.

Yanayin kamawar fitila

Idan aka murɗa makulli ba a tada inji ba, ya kamata fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wannan gwajin kanta ne, kuma yana da amfani fiye da yadda ake zato. Motar da ta ƙi tashi kuma fitilarta ba ta kama da makulli ba, akwai yiwuwar kwamfutarta ba ta samun wuta ko kaɗan, don haka fiyus da rile na babban layi za a fara dubawa. A motar hannu kuwa, rashin kamawar na iya nufin an cire ƙwan ko an rufe shi don a ɓoye matsala.

Fitilar da ta kama ta tsaya cak tana nufin a kai mota bincike nan kusa, ko da tana tafiya lafiya. Wadda take ƙyaftawa maganarta daban ce: wata silinda ba ta ƙona mai, abin da makanikai ke cewa inji yana misin, kuma ɗanyen man na gangarawa cikin salansa yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙi, wato sashen salansa da ke rage gubar hayaƙi, har ya narkar da ita. Nan sai a sassauta totur, a nemi wurin tsayawa. Kada a haɗa ta da jajayen fitilu na baƙin mai da na zafin inji, waɗanda ke bukatar a kashe mota nan take.

Matsaloli da yawa ba sa kunna fitila a karon farko. Kwamfuta tana riƙe lambar a matsayin mai jiran tabbaci, sai abin ya maimaitu a tafiya ta gaba ta kunna. Idan kuma aka yi tafiya uku a jere matsalar ba ta dawo ba, fitilar na mutuwa da kanta, amma lambar na nan a ajiye na wani lokaci.

Lambobin da ma'anarsu

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na birki da sitiyari da makamantansu, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin mota. Idan 0 ce ta biyo bayan P, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota; idan 1 ce, ta kamfani ce, sai an duba littafinsa. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 misin a silinda ta farko, P0171 iska ta yi wa mai yawa, P0420 matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata, U0100 kuma magana ta yanke tsakanin kwamfutar inji da sauran.

A nan ne akasarin kuɗin masu mota ke salwanta. Lamba tana nuna layin da kwamfuta ta ga abin da bai yi mata ba, kuma layi ya ƙunshi sansa, wato ƙaramar na'urar da ke auna wani abu ta kai wa kwamfuta rahoto, da soket ɗinta, da wayoyinta, da wutar da ke ciyar da ita. Ɗauki P0118, lambar sansar zafin ruwan inji. Abin da kwamfuta ta gani shi ne wuta ta haura a kan wayar. Mutuwar sansa na jawo haka, amma tsinkewar waya ko soket ɗin da ya ci tsatsa ma haka suke yi. A motoci da yawa na'urar bincike za ta nuna zafin ruwa digiri 40 ƙasa da sifili, alamar layin a buɗe yake. Wanda ya sayi sabuwar sansa alhali ɓera ne ya cinye waya, zai koma gida da fitilarsa a kunne. Haka P0171: sau da yawa akan ɗora laifi kan sansar iskar oksijin, bayan ita gaskiya ta faɗa, tiyo ne ya tsage yana shan iska ko famfon mai ya yi rauni.

Tare da lamba kwamfuta tana ajiye bayanin lokacin da abin ya faru: gudun inji, zafinsa, gudun mota da nauyin da ke kansa. Mai bincike na ƙwarai yana karanta wannan ya rubuta kafin ya taɓa komai.

Tsarin bincike

Batir ake fara aunawa. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin tada inji, idan inji na aiki kuma altaneta takan riƙe shi tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Raunin batir yana sa kwamfutoci su zubo lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna.

Sai wayoyin komawa, wato waɗanda aka ɗaure a jikin inji da jikin mota don wuta ta koma batir. Notinsu na sassautawa, tsatsa na shiga ƙarƙashinsu, ido kuma ba ya gane hakan. Awon da ya fi dacewa da su shi ne na faɗuwar wuta yayin da layin ke aiki, inda ake son asarar kada ta wuce kusan volt 0.1 zuwa 0.2. Awon om, wato awon yadda waya ke tare wuta, shi kaɗai yana yaudara, domin waya da zare ɗaya ya rage mata za ta nuna lafiya a mita amma ta kasa ɗaukar nauyi.

Sansoshi da yawa suna cin volt 5 ne daga kwamfuta, kuma sukan yi tarayya a layi ɗaya. Idan guda ta yi shot a cikinta sai ta ja layin ƙasa, lambobi uku ko huɗu su fito tare, wani lokaci motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Maganin shi ne a sa mita a layin, a riƙa zare soket ɗin sansoshin ɗaya bayan ɗaya har volt 5 ta dawo. Idan lambobin U ne suka fito, ana cire kan batir a auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin bincike. A yawancin motoci lafiyayyen layin CAN yana ba da kusan om 60, idan an ga 120 to wani ɓangare ya yanke.

Matsalar da ta fi wahalar da masu gyara ita ce mai zuwa ta tafi: sai inji ya yi zafi, ko an shiga gargada, ko an yi ruwan sama. Ana kama irinta da haƙuri, a bar inji yana aiki, a riƙa girgiza wayoyi da soket ana kallon na'ura. Ga misin akwai dabara mai sauƙi: a musanya koyil ɗin silindar da ake zargi, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na maƙwabciyarta. Idan lambar ta bi koyil, an gano mai laifi. Idan ta tsaya, sai a koma kan fulogi, nozul ko ƙarfin matsin silindar.

Kwamfutar kanta

Kwamfutar inji tana lalacewa, amma ba kamar yadda ake yawan zarginta ba, kuma akasari wani abu ne daga waje ke kashe ta: ruwa ya shiga, an juya kan batir wajen jona wuta daga wata mota, koyil ko nozul ya yi shot ya ƙona layinsa a ciki, ko an cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta. Wannan gwaji na ƙarshe na zamanin tsofaffin motoci ne, bai halatta a motar da ke da kwamfuta ba. Haka sa fitilar gwaji mai ƙwai a kan wayoyin sansa. Ba a yanke wa kwamfuta hukunci sai an tabbatar wutarta da wayoyin komawarta lafiya lau suke, kuma idan ba a gano abin da ya kashe tsohuwar ba, sabuwar ma za ta bi ta. A motocin zamani sai an daidaita sabuwar da makulli da tsarin hana sata kafin inji ya tashi.

Goge lamba

Goge lamba da na'ura ko cire kan batir yana kashe fitila, amma bai gyara komai ba, kuma yana share bayanan da mai bincike ke bukata. Yana kuma mayar da gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta zuwa farko, sai mota ta yi tafiya a yanayi daban-daban kafin su kammala. Mai sayen motar hannu da ya ga babu lamba amma gwaje-gwajen ba su kammala ba, ya san an goge wani abu kwanan nan. A motocin Amurka daga ƙirar 2010 an ƙara lambobi na dindindin waɗanda na'ura ba ta iya gogewa. Kwamfuta ce kaɗai ke cire su bayan ta sake gwada layin ta same shi lafiya.