Sipidwe: me ake nufi da SGP da SEC, kuma me ya haɗa su takara?

Sipidwe tseren babura ne da ake yi a fili mai siffar ƙwai, wanda aka shimfiɗa wa ƙasa da tsakuwa. Mutum huɗu ke tashi a lokaci guda, su zagaya sau huɗu, kowace kwana kuma hagu ake sha. Babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, injinsa mai cc 500 ne, kuma methanol yake sha maimakon fetur. Idan direba ya zo kwana sai ya karkatar da babur, tayar baya ta riƙa zamewa tana watsa ƙasa, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa da takalmi mai ƙarfe. Cikin kusan minti ɗaya an gama. Na farko ya ɗauki maki 3, na biyu 2, na uku 1, na huɗu ya tashi hannu rabbana.

Mai bibiyar wasan zai riƙa cin karo da gajerun sunaye biyu. SGP ita ce Speedway Grand Prix, gasar fitar da zakaran duniya, ƙarƙashin hukumar babura ta duniya, FIM. SEC kuma ita ce Speedway European Championship, gasar zakaran Turai, ƙarƙashin reshen hukumar na nahiyar, FIM Europe. A takarda babu abin faɗa: ɗaya ta duniya, ɗaya ta nahiya, kamar yadda kofin Afirka yake da kofin duniya a ƙwallon ƙafa. Sai dai ƙwallo ana buga ta ko'ina, shi kuwa sipidwe kusan duk rayuwarsa a Turai take, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Wasan ya bunƙasa a Ostareliya a shekarun 1920, ya shiga Ingila a 1928, aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley a 1936, ɗan Ostareliya Lionel Van Praag ya lashe. Amma kuɗin yana lig-lig na Poland da Suwidin da Birtaniya da Danmak, musamman Ekstraliga ta Poland. Ɗan Amurka ko ɗan Ostareliya da ke son ci da sana'ar, dole ya tattara ya koma Turai. Ita kanta SGP, tun da a 1995 ta maye gurbin tsohon tsarin fitar da zakaran duniya a wasan ƙarshe na dare ɗaya, ba kasafai take fita nahiyar ba: ta je Sydney a 2002, Auckland daga 2012 zuwa 2014, Melbourne daga 2015 zuwa 2017. Saboda haka idan aka cire 'yan Ostareliya da 'yan Amurka ƙalilan, waɗanda suka cancanci shiga gasar Turai su ne dai taurarin gasar duniya. Filayen su ne, 'yan kallon su ne, ranakun Asabar na bazarar Turai ma su ne.

Shekaru da yawa wannan bai dami kowa ba, domin gasar Turai ba ta da armashi. An fara ta a 2001, manyan direbobi ba sa ko waiwayarta. Abin ya canja a 2013, lokacin da wani kamfanin Poland mai suna One Sport ya karɓi tallata ta. Ya tsara ta zango huɗu, ya samo tashar Eurosport ta riƙa nunawa, ya jawo manya irin su Tomasz Gollob na Poland da Nicki Pedersen na Danmak da Emil Sayfutdinov na Rasha. Martin Vaculik na Slovakiya ne ya lashe ta a shekarar.

A wancan lokacin kamfanin BSI na Birtaniya, mallakar kamfanin tallan wasanni na IMG, shi ke riƙe da haƙƙin tallata SGP. Abin da yake sayar wa gidajen talabijin da biranen da ke karɓar baƙuncin gasa shi ne cewa a nan kaɗai za a ga gwanayen duniya sun haɗu. Ga shi wani yana nuna kusan fuskokin nan a wata tasha. A ƙarshen 2013 FIM ta yunƙuro da dokar hana direbobin SGP na dindindin shiga SEC. One Sport ya yi tsaye ya ƙi yarda, aka yi ta ja-in-ja. Abin dariyar shi ne uwa ce ke neman taka wa reshenta birki, a wasan da babu birki.

Haramcin bai yi tasiri yadda aka so ba. Pedersen ya ci gaba da shiga gasannin biyu, har ya zama zakaran Turai a 2016. Wanda ya fi nuna girman ɓarakar shi ne Sayfutdinov. A 2013 yana cikin masu neman kambun duniya kafin rauni ya dakatar da shi. Daga 2014 zuwa 2016 ba a gan shi a SGP ba, ya lashe SEC a 2014 da 2015, sai a 2017 ya dawo. Shekara uku ke nan gasar duniya tana gudana babu ɗaya daga cikin mafi gudu a doron ƙasa, kuma wannan ya fi kowace takardar lauya yi mata ciwo.

A ganina direbobin ba su yi laifi ba. Mai sipidwe shi ke sayen injinansa, ya biya makanikai, ya ɗauki nauyin zirga-zirga daga ƙasa zuwa ƙasa. Zango goma ko fiye na SGP ɗawainiya ce babba, ga haɗarin karaya wanda zai iya raba shi da albashin ƙungiyarsa ta Poland, inda ainihin abincinsa yake. Zango huɗu a talabijin, wanda masu ɗaukar nauyinsa za su ga tambarinsu, ciniki ne mai ma'ana. Amma fa ta fuskar daraja ba a haɗa su. Sunayen da ake tunawa su ne Ivan Mauger na New Zealand da Tony Rickardsson na Suwidin, masu kambun duniya shida-shida, sai Bartosz Zmarzlik na Poland da ya fara nasa jerin a 2019.

Sulhun da aka yi daga baya shi ne a mayar da ƙaramar gasar tsani zuwa babbar. Daga 2020 wanda ya zama zakaran Turai yana samun gurbi a SGP ta shekara mai zuwa, kuma Robert Lambert na Birtaniya ya shiga ta wannan ƙofa a 2021. A 2022 haƙƙin tallata SGP ya bar hannun BSI ya koma Discovery, kamfanin da ya mallaki Eurosport, tashar da ta ɗaga SEC tun farko.

Tsanin ya zo da tasa matsalar. Tunda direbobin SGP suna iya shiga SEC, wasu sukan riƙe ta a matsayin madogara idan kakarsu ta duniya ta lalace. Leon Madsen ya lashe ta a 2022, Mikkel Michelsen a 2023, dukkansu 'yan Danmak, dukkansu kuma suna cikin SGP a lokacin. Ɗan Ostareliya ko ɗan Amurka ba shi da wannan dama: dole ya ƙare cikin na sama a teburin SGP, ko ya bi ta wasan share fage na GP Challenge, ko ya jira masu shirya gasa su zaɓe shi.