Takardar "ɗan kwangila" ba ta rufe wa ma'aikaci ƙofar kotu

Maganganu biyu ke yawo a majalisu da WhatsApp daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma kowacce da gyara. Ma'aikata na cewa wai duk wanda ya sa hannu a takardar da ta kira shi ɗan kwangila ya sayar da haƙƙinsa, ko an sallame shi da rana tsaka ba shi da ta cewa. Masu ɗaukar aiki kuma na tsoron wai yanzu ko 'yan ƙwadago ka ɗiba yankan shinkafa a fadama, sai ka biya kowa naira 70,000 da fansho, in ba haka ba gidan yari.

Kotu ba ta tsayawa a kan sunan da aka rubuta a saman takarda, yadda aikin ke gudana take bincika. A shari'ar kamfanin tsaro na Shena da kamfanin Afropak a 2008, Kotun Ƙoli ta jera alamomin da ake dubawa: albashi ake biya ko kuɗin aiki dunƙule, wa ke da kayan aiki, wa ke yanke lokacin zuwa da tashi, a ina ake aikin, kuma ko mutum zai iya tura wani ya yi a madadinsa. Ba alama ɗaya ke yanke hukunci ba, haɗa su ake yi a auna.

A ɗauki masana'antar casar shinkafa. Mai kula da inji yana zuwa bakwai na safe, ya sa hannu a rajista, ya sa rigar kamfani, shugaban sashe ne ke raba musu aikin dare da na rana, ƙarshen wata alat ya shigo. Ranar da zazzaɓi ya kama shi ba zai iya tura ƙanensa ya riƙe masa injin ba, in ya makara a yanke masa kuɗi. Wannan ma'aikaci ne, ko takardarsa ta ce ɗan kwangila sau goma. Mai walda da aka kira daga cikin gari ya gyara tukunyar turara shinkafa kuwa, da injinsa ya zo, jinga aka yi, yaransa ne ma suka yi rabin aikin, gobe yana wani wuri. Shi ne ɗan kwangila na gaskiya, kuɗin jingarsa kawai yake bi. Rigimar tana tsakiya, wajen 'yan dako da ake biya kan kowane buhu, da mai tuƙa Keke Napep yana kai balas kullum. Nan sai an bi kowane hali daki-daki.

Dokar mafi ƙarancin albashi ce ta fi rikita mutane. Naira 70,000 ɗin da aka sa a 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin rabin lokaci, ko waɗanda ake biya kamasho ko kan adadin abin da suka yi, ko aikin da ke bin lokacin shekara kamar noma. Saboda haka manomin Suru ko Bunza da ya ɗebi masu yanka da bugu na 'yan kwanaki ya kwantar da hankalinsa. Amma fita daga wannan doka ba fita ba ce daga sauran. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da na wucin gadi da na rabin lokaci, kuma mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar, ba a cire shi daga kuɗin ma'aikaci. Ɗan dakon da buhu ya karya wa ƙugu a cikin sito yana da hanyar neman diyya ko da kan buhu ake biyansa. Sai dai a faɗi gaskiya, iyakar mutum 25 ɗin nan ta bar mafi yawan masu aiki a jihar nan a waje: ƙananan makarantun kuɗi, gidajen mai, gidajen burodi.

Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikinsa, albashinsa, lokutan aiki da yadda za a rabu. Sanarwar sallama tana bin daɗewa: kwana ɗaya in bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu har zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Akwai hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara, da kwana 12 na rashin lafiya da albashi. Manajoji da ƙwararru ba sa cikin wannan doka, su da sharuɗɗan yarjejeniyarsu suke zuwa kotu.

To, mene ne hukuncin wanda ya ƙi ba da takardar? Tara ce, ba ɗauri ba, kuma ba ta wuce naira 800 a karon farko, 1,500 in ya maimaita. Dokar tun ta 1974 ce, tarar yau ba ta sayen mudun shinkafar da ake cashewa a wurin. Ba wannan ke hana mai kamfani barci ba, bashin baya ne. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma jinkiri na jawo ƙarin aƙalla kashi 2 kowane wata a kan abin da ba a zuba ba. A lissafa: albashin 70,000, kason kamfani 7,000 a wata, 84,000 a shekara. Mutum 30 na shekara biyar, naira miliyan 12.6 ke nan kafin a ɗora tara. Abin da ake gudu ke nan idan aka canza wa mutane suna a takarda.

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin irin wannan ƙara, ba kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba, kuma tana da reshe a Sakkwato. Abin da ke kayar da masu ƙara a can rashin hujja ne. Direbobi biyu sun kai Uber da Taxify, kamfanonin tasi da ake kira ta manhajar waya, gabanta a Legas a 2017 suna neman a ce su ma'aikata ne. A 2018 ta kori ƙarar, ba don ta ce su 'yan kwangila ba ne, sai don ba su kawo abin da zai nuna yadda aikin yake ba. Takwarorinsu na Ingila da suka baje hujja sun yi nasara a Kotun Ƙolin ƙasar a 2021.

Don haka tun kana bakin aiki ka tara katin shaida, alat na kowane wata, hoton jadawalin aiki, takardar tuhuma in an taɓa ba ka, da saƙonnin da shugabanka ke ba ka umarni. Wanda ake biya hannu da hannu ya nemi ana sa hannu a littafi, ya ɗauki hoton shafin. In rauni ne, a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi mai aikin ya kai rahoto ga NSITF cikin kwana bakwai, neman diyyar kuma kada ya wuce shekara ɗaya daga ranar haɗarin.