Maza a Aikin Jinya

Aikin jinya sana'a ce ta kula da majinyaci: allura, wanke ciwo, sa ruwa a jijiya, da lura da yadda jikin mara lafiya ke tafiya dare da rana. A yawancin duniya sana'ar mata ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan jinya mata ne.

Tarihi ne ya kawo haka. A Turai ƙungiyoyin addini na maza sun daɗe suna jinyar marasa lafiya, har Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a Landan a 1860, ta horar da mata zalla, sauran makarantu suka bi sahu. Rundunar sojan Amurka ba ta karɓi maza a sashen jinyarta ba sai 1955.

A Nijar kuwa hanyar daban ce. Faransawa sun fara da horar da samari, domin su ne za su iya bin ƙauyuka a kan doki ko raƙumi suna rigakafin agana, suna yaƙi da sanƙarau. Shi ya sa a Damagaram, wato Zinder, ba a mamakin ganin namiji anfirmiye, wato ma'aikacin jinya. A asibitin karkara shugaban wurin, wanda ake kira majo, galibi namiji ne, kuma jama'a "likita" suke ce masa, domin babu wani likitan a kusa. Shi ke gwajin maleriya da ɗigon jini daga yatsa, shi ke auna damtsen yaro da zaren awo don gane tamowa, shi ke rubuta takardar tura mai tsanani zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Da damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, ba shi da dare. Ana horar da irinsu a Makarantar Kiwon Lafiya ta Ƙasa da ke Zinder da Yamai.

Inda aikin ke cije wa namiji shi ne ɗakin haihuwa. Mata da yawa suna kunyar namiji ya duba su, wasu mazajen ma ba sa yarda, sai mai ciki ta ƙi zuwa awo, ta haihu a gida. Wannan kunya ba abin rainawa ba ce. Majo mai hankali yakan sa ungozomar gari ta tsaya kusa yayin da yake aiki, kuma buƙatar gaske ita ce a tura ƙwararrun ungozomomi mata kowane asibitin karkara.