Gumakan Tarihi da Wuraren Tuna 'Yan Mazan Jiya a Birnin Akra

Akra, babban birnin Gana, wanda fataken Hausawa suka saba kira Ankara, yana da wuraren tarihi da dama a bakin teku, tsakanin unguwar Osu da tsohon gari. Galibinsu an gina su ne bayan samun 'yancin kai a 1957.

Wanda ya fi kowanne nauyi a zukatan mutanen garin shi ne mararrabar 28 ga Fabrairu. A ranar, cikin 1948, 'yan mazan jiya da suka yi wa Birtaniya Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a dajin ƙasar Bama (Myanmar a yau), suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kuka a fadarsa ta Osu, saboda fansho da aikin yi da aka yi musu alkawari sun zama labari. 'Yan sanda suka tare hanya. Sufuritanda Colin Imray, Bature, ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya hargitse kwana da kwanaki, aka fasa kantunan Turawa, gwamnati ta kama shugabannin siyasa shida, har da Kwame Nkrumah, wanda daga baya ya zama shugaban Gana na farko. Duk shekara sojoji kan yi fareti su ajiye furanni a wurin. Abin lura, waɗannan mutum uku sun tsira daga yaƙi a ƙasar waje, a gida harsashin wanda suka yi wa bauta ya same su. Rundunar da suka fito ma tushenta 'yan sandan Hausa ne na ƙarni na 19, kuma babban barikin birnin har yau sunan Bama yake ɗauke da shi.

Kusa da nan akwai Dandalin 'Yanci da aka kammala a 1961, da ƙofa mai baƙar tauraruwa a bisa, an rubuta 1957 da taken ƙasa, wato 'yanci da adalci.

Ginin kabarin Nkrumah kuwa sai a 1992 aka ƙaddamar da shi, a tsohon filin folo inda ya tsaya ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Ya rasu a Bukarest, babban birnin Romaniya, a 1972, aka binne shi a ƙauyensu Nkroful kafin a dawo da shi nan. A harabar akwai tsohon gunkinsa da aka tumɓuke lokacin juyin mulkin 1966. Ba a gyara shi ba: gangar jikin na tsaye babu kai, kan kuma yana ajiye a gefe, bayan ya yi shekara da shekaru a ɓoye a hannun wata mata.